Burodi Mai Sheƙi

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri. Ba jan aji nake muku ba, yunwa nake ji. Wallahi da gaske nake. Yanzu haka da hannu ɗaya nake buga wannan rubutun, ɗaya hannun yana tallafe da kan Tsuntsuwa, ga kofin baƙin shayi a gefena ya huce, yana kallona ina kallonsa.

Don waɗanda yau suka shigo cikinmu: Tsuntsuwa ƴata ce, watanta huɗu. Umma ce ta laƙaba mata sunan saboda yadda take wangale baki tun kafin a ɗauke ta. Babanta ya sallame ni ina da cikinta wata bakwai, na dawo ɗakina na ƴanmatanci a gidanmu, mai labule ruwan toka da fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da tsintsiya. Wancan labarin na riga na ba ku, ba zan sake tono shi ba.

Tun tana wata biyu yarinyar nan ba ta san kwanciyar hankali ba. Ta sha ta miƙe, ta ƙanƙame hannu, ta tsandara kuka har muryarta ta dishe. Kumatunta suka yi jajur da ƙananan ƙuraje. Ranar da na buɗe ƙunzugunta na ga wani siririn jini kamar zaren ɗinki, ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba na yi asibiti.

Likitar ta duba ta, ta sauke tabarau ta dube ni.

"Ki daina kukan nan. Nononki lafiyarsa lau. Abin da kike ci ne yake bi ta ciki ya same ta. Jikinta bai karɓi madarar shanu ba, wataƙila har da ƙwai da waken suya. Ki bar su duka na sati uku. Madara, bota, yogot, cuku, biskit, duk abin da aka rubuta madara a jikin ledarsa, komai ƙanƙantar rubutun. Kuma ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki."

"In jinin bai tsaya ba fa, likita?"

"Sai mu yi maganar madarar gwangwani ta musamman."

Ita a wurinta magana ce ta aiki. Ni kuwa na san wadda ke jiran wannan kalmar. Hajiya, mahaifiyar tsohon mijina. Da aka gaya mata a waya, sai da ta gyara murya, ina jin ƙarar awarwaronta.

"To ai shi ke nan. Dama nonon ne ya tsayar da ita a hannunki. In an koma gwangwani ba sai uwa ba, ni ma na iya haɗa fida. A kawo min jikata." Har za ta kashe sai ta ƙara da cewa, "Kuma ranar da na ji wani ƙato ya fara sintiri a ƙofar gidan nan, ko sati ukun ba zan jira ba."

To kun ji inda nake tsaye. Kwana ashirin da ɗaya, kuma cikina ne filin jarrabawar.

Na ɗauko sabon littafi, na ja masa layi da rula, halin tsohuwar malamar lissafi. Gefe ɗaya abin da na ci, gefe ɗaya abin da na gani a ƙunzugu. Jama'a, ban san madara ta mamaye duniya ba sai da aka hana ni ita. Tana cikin biskit, tana cikin alewa, har a jikin ledar garin miya na gan ta a ɓoye cikin rubutun da sai ka kanne ido. Na zama mai tsayuwar minti ashirin a gaban kanta ina karatu kamar zan ba da jawabi. Abincina ya koma shinkafa, kifi, dankali, ayaba, ganye, baƙin shayi. Washegari ma haka. Rigar shayarwata mai zif a gaba, wadda da kyar take rufuwa bayan haihuwa, ta fara yi min lilo.

Umma ba ta ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

"Ni dai tunda nake ban taɓa ganin mai shayarwa da baƙin shayi ba. Dubi wuyanki, Malama. Ƙasusuwan nan ai sai a rataye mayafi a kai."

"Umma, likita ce ta ce."

"Likitar ita ma haka take ci?"

Ku riƙe abu ɗaya game da Ummata: ba ta iya ƙarya ba. Ko mai tallan kaya ya tambaye ta ko tana da canji, sai ta gaya masa har inda ta ajiye. Mun sha yi mata dariya a kan wannan.

Sai kuma Mai Burodi. Eh, na san shi kuke jira, masu son gulma. Gidan burodinsa yana ƙarshen layinmu. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kullum akwai ɗan farin gari a girarsa ta hagu. Wata guda kenan da ya durƙusa a gaban Umma ya faɗi abin da ke ransa. Na ce a bari sai na yaye, Umma ta ce mutumin da ke tashi aiki kafin zakara ba a ja masa rai. Kullum sai ta sako shi a zance, ko da maganar wankin labule muke.

A rana ta takwas abubuwa sun fara kyau. Jini ya ɗauke, kumatu sun fara washewa, Tsuntsuwa ta yi barcin awa uku a jere da rana har na riƙa leƙa hancinta. Ranar ce saƙonsa ya shigo.

"Malama, Umma ta ce ko burodi an hana ki."

"Duk wanda na duba akwai madara."

"Nawa ma akwai. Amma ba dole ba ne a sa."

Bayan awa ɗaya sai ga hoto. Ya jera kwanuka a kan teburinsa, kowanne da ƴar takarda a gabansa da rubutun hannunsa mai kama da tafiyar kaza: fulawa, ruwa, yis, gishiri, suga, man girki. Ga sabon kwanon kwaɓi a gefe, ko takardar kantin bai cire ba.

"Wannan naki ne ke kaɗai. Zan riƙa tsaga masa layi uku a sama don kar ya haɗu da sauran."

Na rubuta "Na gode," na goge. Na rubuta "Allah ya saka," na goge. Daga ƙarshe na tura masa "To." Kar ku zage ni, ni ma na zagi kaina.

Da safiyar rana ta tara Umma ta karɓo shi a bakin ƙofa, don mun yi da shi ba zai riƙa tsayawa ba saboda idon mutane. Ɗan ƙaramin burodi ne mai tsaga uku, da ɗuminsa, samansa yana wani irin sheƙi har ina ganin hasken taga a jiki. Na ɗauki hotonsa kafin in gutsura. Na cinye shi tas a tsaye, har ɓurɓushin da ya zuba a zanena na tsince. A littafi na rubuta: burodi marar madara, ɗaya. Har da ɗan tauraro na zana a gefe.

Rana ta goma sha ɗaya kukan ya dawo. Ta goma sha biyu, na buɗe ƙunzugu da hantsi, ga zaren nan ja yana kallona.

Na zauna a ƙasa dirshan da littafin. Na bi layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sau uku. Shinkafa, kifi, ayaba, burodi marar madara. Na zazzage kwandon shara na sake karanta ledoji. Na karanta jikin man goge baki. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, in shiga kicin in fito, in buɗe firij in rufe ban san abin da nake nema ba. Burodin kuwa ko sau ɗaya bai zo min a rai ba, ai ina da hoton kayan haɗinsa a waya.

Washegari da la'asar wayar Umma ta yi ƙara. Ina daga ɗaki na ji tana cewa, "Lafiya lau, Hajiya... Eh... Eh to, jiya dai an ɗan gani."

Na fito kamar an jefo ni. Na same ta a kicin ta ajiye wayar, tana tsaye a kan kofina, cokali a hannu, ga gwangwanin madara a buɗe a gabanta.

"Umma! Me kike zuba min?"

Ta juyo a hankali. Ta karkato min gwangwanin. Suga ne a ciki.

"Tun ranar da kika dawo daga asibiti na ba maƙwabta madarar gidan nan. Kin ƙara ganin farin shayi a kofina?"

Ban lura ba. Kwana goma sha uku matar nan tana shan baƙin shayi tare da ni, ita da ba ta iya karyawa sai shayi ya yi kauri, ni kuwa idona yana kan littafi. Da ina da hankali a nan zan tsaya. Amma tsoro ya riga ya hau kaina, bakina ya ƙwace.

"To a miya fa? Kullum kina cewa na rame. Kuma me ya sa kika gaya mata? Ke dama kin gaji da mu, Umma. So kike a ɗauke ta, ki samu ki miƙa ni ga mai burodinki."

Ba ta mare ni ba, kuma da marin ta yi da ya fi min sauƙi. Ta rufe gwangwanin, ta goge cokalin da gefen zanenta, ta ajiye min kofin a gabana, ta wuce ɗakinta. Har gari ya waye ba ta ƙara ce min uffan ba.

Yau ce rana ta goma sha huɗu. Da safe saƙonsa ya shigo: "Abokin aikina ya fita rabo, ni kaɗai ne. Naki yana wuta, zan ɗan makara."

Gidan ya yi min ƙunci. Umma tana share tsakar gida ba ta kallon inda nake. Na shayar da Tsuntsuwa har ta yi barci, na kwantar da ita, na zura doguwar rigata mai ruwan ganye da hijabi baƙi, na saka silifas ɗin Umma don ban ga nawa ba. Na ce, "Zan je in dawo." Tsintsiya ce ta amsa min.

Ban taɓa shiga cikin gidan burodin ba sai yau. Zafi ya fara tarbata, sannan ƙamshi. Buhunan fulawa a jingine da bango, dogon tebur na ƙarfe, kwanukan gashi baƙaƙe a jere, rediyo a kan taga an ɗaure shi da roba. Can a kan wani ɗan kanta daban na hango kwanona, an kife shi, an lulluɓe da farin ƙyalle.

Yana ganina ya rikice, ya goge hannu a gaban rigarsa ya ƙara ɓata ta.

"Malama! Da kanki? Ina Tsuntsuwa? Ya jikin nata?"

"Jinin ya dawo."

Fuskarsa ta canza. "Subhanallahi. Tun yaushe?"

"Kwana biyu. Na duba komai. Na rasa ta inda yake shiga."

"Tsaya in sauke wannan kar ya ƙone, sai ki gaya min da kyau."

Ya buɗe obin, ya jawo babban faranti da tsumma, ya zazzage burodin a kan tebur. Sun kai ashirin, nawa mai tsaga uku yana can a ƙarshen layi. Dukansu fuskarsu a bushe take, babu sheƙi ko kaɗan. Idonsa yana kaina, yana tambayata ko na canza man girki, ko akwai maganin da nake sha. Hannunsa na dama kuwa ya tafi shi kaɗai. Ya laluba gefen tebur, ya ɗauki wani faffaɗan burushi daga cikin kwano, ya bi kan burodin, shaf, shaf, shaf, ɗaya bayan ɗaya, ko kallonsu ba ya yi. Duk wanda ya taɓa sai ya ɗauki ƙyalli. Ina kallo ya iso kan mai tsaga uku, ya shafe shi, ya mayar da burushin.

"Mene ne a kwanon nan?" na tambaye shi.

"Wannan? Bota ce kawai, ta shafe sa..."

Bai ƙarasa ba. Ya kalli kwanon. Ya kalli burodina yana sheƙi. Ya ɗaga hannunsa yana kallo kamar na aro ne.

"Innalillahi. Malama, wallahi ban... Shekara goma sha huɗu hannun nan yana yin haka. Ni ban ma lissafa shi cikin haɗi ba. Kwaɓin na ware, kwano na ware, har cokali..."

"Kwana biyar ina ci," na ce. "Yau na shida. Har ɓurɓushi nake tsincewa."

Na so in yi masa ihu. Amma fuskar Umma ce ta tsaya min a ido, tana goge cokali da gefen zane. Na juya na fita yana kirana. A hanya na danna wayata na yi mata saƙon murya, ina tafe ina kuka kamar ƙaramar yarinya: "Umma ba ke ba ce. Burodin ne, bota yake shafawa a sama bai sani ba. Umma ki yafe min, don Allah ki yafe min." Na ga alamar ta saurara. Ba ta amsa ba.

Na kasa shiga gida kai tsaye. Na zagaya layinmu sau biyu ina jan silifas, ina shirya yadda zan durƙusa. Da na iso sai na ga baƙar mota a ƙofa, kuma na san mai ita.

Hajiya tana zaune a kujerar tsakiya ta falo, leshi ruwan zuma, mayafi a kafaɗa, turarenta ya cika ko'ina. A kan tebur ga gwangwanin madara na musamman da sabuwar fida a kwalinta. A gefen ƙafarta ga jakar kayan jarirai, a buɗe, babu komai a ciki. Umma tana zaune a ƙasa a kan darduma.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da hanci.

"An gwada, bai yi ba. Sati biyu ana wahalar da yarinya. Haɗo min kayanta."

Amsar tana bakina. Ba gwajin ne ya faɗi ba, bota ce ta shiga. Amma tambayar da za ta biyo baya na san ta: botar wa? Wane ne yake gasa miki burodi na musamman kullum safe, har da tsaga uku? In na yi shiru ta tafi da ita saboda jini. In na yi magana ta tafi da ita saboda shi.

"Hajiya," in ji Umma, idonta a kan darduma. "Gwajin bai faɗi ba. Ni na ɓata shi."

Na ɗago da sauri.

"Na ga ta rame ne, tausayi ya kama ni. Na riƙa sa mata bota a miya ba ta sani ba. Kwana biyar. Kafin nan jinin ya tsaya, ga littafinta nan ki duba. Laifina ne. A sake ba ta sati ukun daga yau, ni kuma na ɗauke hannuna daga tukunyarta."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Matar da ba ta iya ɓoye wa mai talla canji ba.

Hajiya ta tafa hannu, awarwaro suka amsa. "Haba baiwar Allah! Da girmanki? Da furfurarki? Ashe ke ce kike kashe min jika a tsaye! Wannan ai rashin tunani ne, ko yarinya ƙarama ba za ta yi haka ba."

"A yi haƙuri, Hajiya. Kuskure ne."

Ni kuma ina durƙushe, na yi shiru. Ku rubuta wannan a kaina, na yarda. Ina ji ana wanke uwata tas a cikin falonta saboda abin da ba ta yi ba, abin da ni na fara ɗora mata jiya, kuma ban ce komai ba.

Wayata ta yi motsi a cikin hijabi. Na leƙa.

"Ina ƙofar gida. Na sake gasa wani da ragowar kwaɓinki. Zan shigo in gaya wa Umma da bakina."

Kafin in taɓa komai sai ga sallamarsa daga waje. Hajiya ta dakata. "Wane ne?"

"Mai kawo burodi ne," Umma ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Tashi ki karɓo, Malama."

Yana tsaye a bakin ƙofa, bai ko cire rigar aiki ba. Ya miƙo min shi a cikin takarda. Tsaga uku, fuska a bushe, fari-fari kamar bai ji wuta ba. Ban taɓa ganin burodi mai muni irinsa ba, kuma zafinsa har cikin tafin hannuna.

"Na fitar da kwanon botar waje kafin in buɗe obin," ya ce. "Babu abin da ya taɓa shi."

Daga ciki muryar Hajiya ta sake tashi, sannan ta Umma, ƙasa-ƙasa: "A yi haƙuri. Ba zan ƙara ba."

Ya kasa kunne. Ya dube ni. "Umma ce take ba da haƙuri? A kan me?"

Ya karanta amsar a fuskata. Ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

"Ba zan bar ta ta ɗauki laifina ba."

"Kakar Tsuntsuwa ce a ciki," na ce da raɗa. "Da jaka ta zo. In ka shiga, da ita za ta tafi."

Ya tsaya a sunkuye, ƙafa ɗaya a cikin takalmi, ɗaya da safa a kan dakalin ƙofa. Bai mayar ba, bai kuma cire ɗayan ba.

A daidai nan Tsuntsuwa ta farka. Kukanta ya ratso falo ya same ni, ƙirjina ya amsa tun kafin in motsa, na ji gaban rigata yana jiƙewa. Na gutsuri burodin na cusa a baki, don ba zan shayar da ita da cikin da babu komai ba. Na bar shi a nan da takalmi ɗaya, na koma ciki ina taunawa, na wuce ta gaban jakar Hajiya na ɗauki ƴata.